Tankin da ke Bayan Turke

Toranke,
9 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Wasila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da ɗaliban da kike ta fama da su. Mu nan lafiya lau, sai maigidana Malam Maiwada da ƙugu ya sa shi gaba tun da aka fara cirar gyaɗa. Idona kuwa ya yi sauƙi, hawayen da nake yi a bakin murhu ya ragu sosai. Wannan kam dole in yaba miki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san kunnena, in na ɗauki waya sai na ɗaga murya har a jiyo ni a masallaci, maganar nan kuwa ba ta jin kowa ba ce. Direban da ke zuwa Gaya ranar kasuwar Ajingi zai miƙa miki, ki ba shi amsa in ya sake zagayowa.

Wasila, kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, shi ya sa na yarda kika girke mini wannan tankin gas na kashin shanu a gida. Da wata ce ta zo mini da zancen in soya abin da mutane za su ci da tusar kashin shanu, da tsintsiya zan raka ta. Shekara ashirin da biyu ina matsar man gyaɗa ina suyar ƙuli, daga nan har garin Balan ba a taɓa tsintar ko gashi ɗaya a kayana ba. Tsaftar nan ita ce jarina, ba ni da wani. Yau ga ni kullum da safe riƙe da bokiti ina dama kashin shanu da ruwa kamar mai dama kunu, ina ɗura wa baƙin tanki a bayan turke. Sai in wanke hannu sau uku da sabulu, amma in na zauna cin tuwo sai in ture kwanon. Ga gorar ruwan nan da kika tsoma wa ƙaramin tiyo, da rana ta yi ta gyatsa tana buso warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na kewaye wajen da zana biyu. Ban da Malam da maƙwabciyata Indo, wadda muke aikin gyaɗar tare, babu mahalukin da ya san da abin, kuma ranar da aka sani na tashi daga aiki.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ana satar mini gas ɗin. Tub ɗin tayar tarakta da kika ce a ciki yake taruwa, in na duba da la'asar sai in same shi cike tam, ya yi tauri. In na fito sallar asuba sai in tarar ya yi laushi ya saki jiki, in kunna murhu wutar ta riƙa lumshewa. Yau kwana tara ina lura. Na shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar kamar yadda kika koya mini, ban ga kumfa ko ɗaya ba, wato ba yoyo yake ba. Malam ko kallon wajen ba ya yi. Saura mutum ɗaya da ta san yadda ake murɗa famfon, kuma tsakanin gidana da nata 'yar ƙofa ce marar sakata. Ban so in faɗa ba, amma kwanan nan ban ga hayaƙi na tashi daga madafin Indo da sassafe ba.

Ki gaya mini yadda ake gane an jona tiyo an cire. A gai da mutan gida.

Yayarki,
Bara'atu.

Gaya,
16 ga Oktoba.

Yaya Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, sai 'yata Zuhra da ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta kuma warware. A yi wa Malam sannu, a ce masa ya rage sunkuyo.

A ofishin malamai na karanta, na yi ta dariya ni kaɗai har aka tambaye ni ko lafiya. Ban faɗa wa kowa ba, ki kwantar da hankalinki. Yaya, babu mai satar miki komai. Sanyin asuba ne.

Bari in yi miki karatun da nake yi wa 'yan aji huɗu. Iska, ko wadda muke shaƙa ko gas, wasu ƙananan abubuwa ne da ido ba ya gani, kullum suna kai-komo suna bugun jikin abin da aka zuba su a ciki. In suka ji zafi sai gudunsu ya ƙaru, su riƙa bugu da ƙarfi, in roba ce sai ta kumbura. In suka ji sanyi sai su lafa, robar ta saki. Yawansu bai ragu ba, wurin da suke ci ne ya ragu. Baƙar robar da ta wuni a rana, kafin asuba abin da ke cikinta zai iya tsukewa da kamar kashi ɗaya cikin goma, wannan kuwa ya isa ya mai da tauri laushi. Ga shi tankin kansa ba ya aiki sosai in gari ya yi sanyi, balle ya cike gurbin.

Wutar da ke lumshewa kuwa, ki ɗora katako a kan tub ɗin ki aza bulo ɗaya. In aka matse iska a ƙaramin wuri ƙarfinta ƙaruwa yake yi, za ki ga wutar ta miƙe.

In kin fi son ki gani da idonki, ga gwaji. Da la'asar ki rufe famfon tub ɗin, ki ɗaure shi da ƙulli irin naki wanda za ki gane in an taɓa. Abin da aka rufe babu inda iska za ta bi ta fita. Da asuba ki je, za ki tarar ƙullinki na nan, tub kuma ya yi laushi. Ki ƙyale shi, da azahar zai sake tashi ba tare da an ƙara masa komai ba.

Maganar Indo kuma, Yaya, ki ji tsoron Allah. Matar da ta yi jinyarki wata biyu lokacin da mai ya ƙone ki? A me ma za ta ɗebi gas, a ƙwarya? Wari kuwa sai haƙuri, ke kika ƙi a kai tankin bayan gida inda iska ke kaɗawa, kika ce sai lungu. Sannan ki daina wahalar da hannunki da sabulu a kan wutar, ba ta ɗauke da ƙazanta. Abin da ke ci a murhunki ɗan'uwan na tukunyar gas ne da 'yan birni ke yanga da ita.

Ƙanwarki,
Wasila.

Toranke,
23 ga Oktoba.

Malama Wasila,

Assalamu alaikum. Lafiya muke, Allah ya ƙara wa Zuhra lafiya.

Na ga karatunki, kuma na gode da aka mai da ni 'yar aji huɗu, abin dariyar ofis. Wato ni da ke tsugune a kan kashin ban san abin da idona ya gani ba, sai ke da ke Gaya da alli a hannu. Shekara nawa ina ajiye mai a jarka, ban taɓa tashi na ga sanyi ya sha mini ludayi guda ba.

Takardar taki ma ta makara, tun kafin ta iso na yi wa Indo magana. Muna cikin murza tunkuza na ce mata in mutum na bukatar wuta ya tambaya, ba sai ya bi ta bayan turke ba. Ta tsaya da hannunta cikin kwano ta dube ni, ta ce, "Bara'atu, ni kike nufi?" Na ce ban kama sunan kowa ba. Ta ce in hayaƙinta nake nema, ɗanta Muzammil ne ya aiko mata da murhun gawayi daga Kano. Ta wanke hannu ta fita ta zaure kamar baƙuwa, har yau ba ta dawo ba. Yanzu ni ke suya ni ke matsa, kuma duk wanda ya yi sallama sai gabana ya faɗi, ina tunanin ko ta fara baza ni a gari.

Abu ɗaya na ɗauka a takardarki, inda kika ce abin da aka rufe babu inda iska za ta bi. Wannan magana ce. Jiya na rufe famfon tub na ɗaure. Ƙaramin tiyon gorar nan mai gyatsa na lanƙwashe shi na ɗaure da roba, na huta da rashin kunyarta. Bututun da ruwan kashin ke tsiyaya ta gefe da wanda nake ɗurawa ta sama duk na toshe su da totuwa da tsumma, na daddanna da taɓarya, na naɗe da robar keke. Tun jiya gidana ba wari, har a tsakar gida na ci tuwo na ƙoshi.

Ba zan buɗe ba sai jibi ta wuce. Hajiya Lami ta Balan za ta aurar da 'yarta, ta ce man gara da ƙulin biki duk a wajena za a yi, kuma za ta zo da ƙawayenta su ɗauka da zafinsa. Irin waɗannan mata in suka yabi kayanki an gama, in suka kushe ma an gama. Da itace zan yi aikin ranar ko idona zai tsiyaye. In sun tafi sai in duba ƙullina, in ga ko sanyin naki ya iya kwance igiya.

Bara'atu.

Gaya,
25 ga Oktoba, da hantsi.

Yaya,

Salam. Muna lafiya, sauran gaisuwa sai na zo. Takardarki ta kwana biyu a hannun maigadin makaranta ina Kano wajen taron malamai, yanzu na buɗe ta. Na kira wayarki sau tara kin ƙi ɗagawa, ta Malam kuma ba ta shiga. Shi ya sa na ɗauki ɗan acaba takanas.

Ki ajiye duk abin da kike yi ki je ki kwance tiyon gorar nan. Famfon tub kaɗai na ce ki rufe. Laifina ne da ban rubuta cewa kada a taɓa gorar ba, na ɗauka na faɗa miki ranar da muka haɗa. Gyatsar da kike ƙi ita ce numfashin tankin. Kashin da ke ciki bai san kin rufe ba, yana nan yana ta fitar da gas, ga baƙin tanki a rana, wuri kuma bai ƙaru ba. In iska ta ƙaru, zafi ya ƙaru, wuri yana yadda yake, matsi ne ke hawa, kuma ba zai tsaya ba sai ya sami inda ya fi rauni ya ɓalle.

Ki fara da tiyon, a hankali, kina tsaye a gefe. Kada a kawo wuta kusa. Kada ki taɓa totuwar sai gorar ta gama gyatsarta. Kafin azahar, Yaya, don girman Allah.

Wasila.

Toranke,
27 ga Oktoba.

Wasila,

Assalamu alaikum. Da rai dai muna nan, babu wanda ya ji ciwo. Malam ya ce mu gode Allah da murhun itacen yana nesa.

Ɗan acabanki ya yi faci a hanya, ana kiran la'asar ya iso. A zaure ya tsaya ya toshe hanci da hula ya miƙo takardar. Wayar kuwa ina gani tana haske a kan taga, fushinki nake yi.

Shekaranjiyan tun da safe na ga cikin tankin ya turo, gefensa ya yi santsi kamar goshin jariri, har na ji daɗi na ce to ga abin da ake kwashe mini. Hajiya Lami ta zo da mata huɗu, na shimfiɗa musu sababbin tabarmi a gindin darbejiya, don nan ne inuwa, nan ne kuma jikin zanar turke. Ga man gyaɗa baho huɗu na jera yana hucewa, ga ƙuli tire uku, ƙamshi ya cika gida. Suka yi sallar azahar suka zauna, Hajiya ta ɗauki ƙuli ɗaya tana ci tana cewa ita a duk ƙasar nan kayan mutum ɗaya take ci ido rufe.

Ba ta haɗiye ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Totuwar sama ce ta tashi ta bugi kwanon ɗaki. Kafin mu ɗaga kai abin ya biyo bayanta, ya haura zana, ya fi tsayin mutum biyu, sannan ya sauko mana. Wasila, kashin da ya yi wata biyu yana ruɓa cikin zafi. Baƙi-baƙi, kore-kore, da ɗumi. Ya sauka a tabarmi, a tire, a cikin bahon mai har yana tashin ido, ya sauka a farin mayafin Hajiya da gefen bakinta. Ɗaya daga cikin matan ta ruga ta yi amai a turmina. Wata ta yi ta salati tana kakkaɓe zani, tana ƙara shafa shi a jiki. Ƙudajen Toranke kaf sun iso kafin abin ya gama zuba.

Hajiya Lami ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta goge baki da bayan hannu, ta tashi ta ɗaga zana. Ta ga tanki, ta ga tiyo, ta bi shi da ido har madafi, har ƙarƙashin kaskon suya. Ta ce, "Bara'atu, da wannan kike soya abin da muke ba 'ya'yanmu?" Sai na ji bakina yana karanto karatunki, wai wuta ba ta ɗauke da ƙazanta, wai ɗan'uwan na 'yan birni ne, alhali kashi na ɗiga daga ɗankwalina. Ko ni da na faɗa ban yarda da kaina ba. Suka roƙi ruwa a maƙwabta, ba su yarda sun taɓa randata ba.

Suna fita Indo ta shigo da tsintsiya da bokiti. Ba ta yi mini sannu ba, ba ta yi dariya ba. Muka haƙa rami muka juye man baho huɗu, muka binne ƙulin, muka kankare ƙasar tsakar gida. Wajen magariba na ce mata, "Indo, ki yafe ni." Ta ce, "Ɗebo ruwa."

Tub ɗin kam yana nan da ƙullina, babu wanda ya taɓa. Jiya da asuba na je na tarar ya yi laushi, da azahar ya tashi ya yi tauri shi kaɗai. Na tsaya a kansa ina jin ƙyamar kaina fiye da ta abin da na kwashe. Kin yi gaskiya, sai ki gaya wa 'yan ofis.

Bara'atu.

Gaya,
30 ga Oktoba.

Yaya Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, amma tun da na karanta takardarki abinci bai yi mini daɗi ba. Ki yafe mini dariyar da na yi, da layin da na bari ban rubuta ba. Na saba da yaran da in na manta abu yau zan faɗa musu gobe.

Ki bar ni in zo ranar Asabar. Zan mai da tankin bayan gida, in gyara bututun. In kin yarda a tara matan, in dafa shayi a kan wutar in sha a gabansu, in ba Zuhra ta sha. Mutane in suka gani da ido sukan sauko. Ki gaishe mini da Indo, ki ce na gode mata.

Ƙanwarki,
Wasila.

Toranke,
20 ga Nuwamba.

Ƙanwata Wasila,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da shirun, na ɗauki biro ya fi sau biyar ina ajiyewa. Saƙon da Malam ya ba ki ta waya cewa kada ki zo, ni na sa shi. Ƙugunsa ya yi sauƙi. Idona ya koma gidan jiya, don na koma itace. Ban riƙe ki da komai ba, ni na danna totuwa da hannuna.

Shayinki ba zai yi aiki ba. Ba rashin gani ke damunsu ba, gani suka yi ya yi yawa. An kwashe tankin an kife shi a bayan gida. Abin takaici, mazan matan da suka daina gaishe ni su suka zo da amalanke suna roƙon Malam ya sam musu ruwan kashin, wai sun ji yana gyara gona. A gona su zuba, su ci dawar, su sha kunun, duk halal ne. A murhuna ne kawai ya zama najasa.

Na sake turmi, na sake randa, na sayi sabon kasko, na yi wa madafi sabon daɓe. Mako biyu ban ga ƙeyar mai saye ba. Na ɗauki tire na kai wa Dalhatu mai shago, wanda ya shekara goma yana sarin ƙulina. Ya gaishe ni da ladabi, ya ɗauki ɗaya ya kai hanci, ya mayar a hankali, ya ce kasuwa ce babu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Indo ce ta kawo shawara, ita da na kira ɓarauniya. Ta ce in riƙa yin aikina a gida, ita ta riƙa sayarwa a nata da sunanta. Ranar farko kafin hantsi tire ya ƙare. Gyaɗar ɗaya, hannun ɗaya, kaskon ɗaya. Ta katanga nake jin ana cewa ashe ga mai tsafta a kusa aka yi ta cin ƙazanta shekara da shekaru, ita kuma ta ƙirga musu ƙulin. Hajiya Lami ma ta aiko, jarka biyu, ta ce a gaya wa Indo ta ci gaba da riƙe hannunta haka. Abinci dai ba mu rasa ba, alhamdu lillahi. Sunan ne ya tafi, kuma na fara sabawa da hakan, ko in ce ina zaton na fara.

Jiya da hantsi ina suya ni kaɗai, ƙulin ya yi ja ya yi kyau, yunwa ta kama ni. Na tsamo ɗaya na hura na ɗaga zan ci. Wasila, ni na wanke gyaɗar, ni na soya, ni na murza, babu kowa a gidan sai ni da awaki. Sai da na kai shi hanci tukuna.

Ki gai da Zuhra da babanta.

Yayarki,
Bara'atu.